Muhammadu Bello, Sarki Mai Zaman Ribaɗi

Ba wanda ya shiga makaranta a ƙasar nan da bai ji sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. Amma Shehu malami ne mai wa'azi da rubutu, da yaƙi ya lafa kuwa sai ya bar al'amuran mulki a hannun ƙanensa da ɗansa, ya koma ga almajiransa. Wanda nauyin ƙasar ya faɗa a kansa har shekara 20 shi ne ɗan nan nasa, Muhammadu Bello. Labarinsa mu ke so mu ba masu karatu a wannan wata, gama ya shafi ƙasar Katsina ƙwarai, har da wajenmu na Funtuwa da Malumfashi. Bello ya ci birane da yawa tun yana saurayi, amma tsaron iyakar ƙasar da ya ci shi ne aikin da ya cinye sauran kwanakinsa, a bakin iyaka kuma ya rasu.

Ƙuruciyarsa

An haifi Bello cikin shekara ta 1781. Sunan uwarsa Hauwa, ita ce kuma ta haifi ƙanensa Abubakar Atiku. Ya girma a Degel, wani ƙauye cikin ƙasar Gobir, inda almajirai su ke taruwa wurin ubansa daga kusa da nesa. Gidan nan gidan littattafai ne, maza da mata duka suna karatu. Bello ya yi karatu wurin ubansa, da wurin baffansa Abdullahi, da wurin wansa Muhammadu Sa'adu. Ya koyi nahawu da fiƙihu da tarihi, ya kuma sa kansa ga lissafi da ilmin magani. Tun kafin gemu ya fito masa sosai ya iya rubuta Larabci mai kyau.

A kwanakin nan jama'ar Shehu tana ta ƙaruwa, har sarakunan Gobir suka fara jin tsoro. Sarkin Gobir Nafata ya kafa doka, ya ce kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga cikinsa, kada maza su naɗa rawani, mata kuma kada su yi lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya gaje shi sai abin ya ƙara tsanani. Cikin watan Fabrairu 1804 Shehu ya tashi daga Degel ya yi hijira zuwa Gudu. Bello yana da wajen shekara 23 a sa'an nan.

Shekarun jihadi

Cikin watan Yuni na shekaran nan aka yi karo a Tafkin Kwatto. Mutanen Shehu yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, Gobirawa kuwa suna da dawakai da lifidi, amma duk da haka Gobirawa suka karye. Murnar nan ba ta daɗe ba. Cikin Disamba Gobirawa da Azbinawa suka fāɗa musu a Tsuntsuwa, aka kashe wajen mutum 2,000, da malamai masu yawa a cikinsu. Yunwa kuma ta bi su, gama jama'a mai yawo ba ta da rumbu. Cikin 1805 aka sake karya su a Alwasa, magabta suka bi su har Gwandu inda Shehu ya ke da mata da yara, garin kuwa ba shi da ganuwa. Da ƙyar suka kuɓuta.

Bello bai manta da wannan ba. Cikin 1806 ya sa aka kewaye Gwandu da ganuwa. Daga nan har ƙarshen ransa, duk inda ya zauna sai ya gina garu.

'Yandoto da Katsina

Cikin ranin 1805 zuwa 1806 Shehu ya aiki Bello gabas. Ya sadu da shugabannin jama'a na Katsina da Kano da Daura da Zamfara a Birnin Gada, ya karanta musu wasiƙar Shehu, suka yi mubaya'a. A cikin kwanakin nan ne kuma ya zo 'Yandoto. Wanda ya bi hanyar mota daga Funtuwa zuwa Gusau, idan ya wuce Tsafe ya kusa wurin. A zamanin nan 'Yandoto tana cikin ƙasar Katsina, garin malamai ne tun dā, ana zuwa karatu can daga nesa. Yawancin malamanta ba su yarda da jihadin ba. Bello ya sauka kusa da garin ya aika musu su fito a yi muhawara, suka ƙi, sai ya ci garin da yaƙi.

Abin da ya faru ga littattafan 'Yandoto ya bi shi shekaru. Shehu Laminu na Barno, watau Alkanemi, ya rubuto yana zargin masu jihadi da wulakanta littattafai. Bello ya amsa da cewa ya ga takardu iska tana watsa su cikin ƙura a wani garin Katsina da suka ci, ya yi ta tsincewa da hannunsa har ya gaji, abin kuwa ya ɓata masa rai ƙwarai, ya tara mutanensa ya tsauta musu. Ko yaya dai aka yi, makarantar 'Yandoto ba ta sake komawa yadda ta ke ba.

Mutum uku ne suka riƙe tutar Shehu a ƙasar Katsina, watau Ummarun Dallaje, da Ummarun Dumyawa, da Na Alhaji. Cikin 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannunsu, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya gudu arewa, ya mutu a Ɗankama. Sauran 'ya'yan sarauta suka naɗa Ɗan Kasawa, suka tafi da shi ƙasar Damagaram. Cikin Oktoba 1808 Bello da kansa ya ja runduna ya ci Alkalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Yunfa. Da shekara ta kewayo ya kafa Sakkwato bisa tudu, ya yi mata ganuwa. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. A shekaran nan kuma Bello ya gama littafinsa mai suna Infaƙul Maisuri, wanda daga cikinsa a ke samun yawancin labarin jihadin.

Sarauta da tawaye

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1817, aka naɗa Bello Sarkin Musulmi. Nan da nan ƙasa ta ɗauki wuta. Abdussalami, wanda ya ke cikin manyan almajiran Shehu tun farko, ya yi tawaye a Kware, kusa da Sakkwato. Bello ya yi ta rubuta masa wasiƙu, da abin ya ƙi sai ya ci garin da yaƙi a farkon 1818. Baffansa Abdullahi ma ya yi fushi saboda naɗin, ya koma Gwandu. Ba su shirya ba sai wajen 1820, sa'ad da Bello ya kai masa gudummawa a Kalambaina, suka ci garin tare, Abdullahi ya yi masa mubaya'a.

Waɗanda aka kora daga biranensu kuwa ba su haƙura ba. Kabawa suna yamma, Gobirawa da Azbinawa suna arewa, Zamfarawa kuma yau su bi, gobe su tayar. Wajen 1819 mutanen Maraɗi suka kashe wakilin Fulani da aka sa musu, suka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya zauna can da sarautarsa ta Sarkin Katsina. Daga ran nan aka sami Sarkin Katsina biyu, ɗaya a Birni, ɗaya a Maraɗi, kowa yana cewa ƙasar tasa ce. Magabtan nan 'yan ƙasa ne, sun san kowace rijiya da kowace 'yar turba, suna da 'yan'uwa da surukai a ƙetaren iyaka.

Ga yadda yaƙin iyaka ya ke. Idan an gama kaka, ƙasa ta bushe, sai mahaya su taru, su yi tafiyar dare ta cikin daji, su fāɗa wa ƙauye da asuba. Su ƙone rumbuna, su kore shanu, su kama mata da yara, kafin rundunar sarki ta iso sun yi nisa. Sa'an nan ɗaya sashen ya shirya nasa harin domin ramuwa. Kowane gefe haka ya ke yi. Manoma kuwa, Musulmi da Maguzawa, su ne a tsakiya. Inda hari ya yi yawa sai mutane su tashi, gonaki su koma jeji. Haka Dajin Gundumi ya zama tsakanin Zamfara da Sakkwato, har ayari ba ya yarda ya kwana a cikinsa, sai a yi ta tafiya dare da rana a fita.

Inda aka samo ribaɗi

Da Bello ya ga haka sai ya koma ga littattafansa, ya duba yadda Musulmin dā suka yi da tasu iyaka. A nan sai mu bar ƙasar Hausa kaɗan, mu koma baya wajen shekara 1,000 kafin zamaninsa.

Tun wajen shekara ta 640, bayan Larabawa sun ƙwace ƙasar Sham daga hannun Sarkin Rum, iyaka ta tsaya tsakaninsu a manyan duwatsun Toros, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. Mutanen Rum ɗin nan Helenanci su ke yi, Kirista ne kuma, babban birninsu Kustantiniya, watau Istambul ta yau. Kada mai karatu ya haɗa su da Rumawan Ruma ta ƙasar Katsina. Larabawa sun kewaye Kustantiniya cikin 717 da 718, ba su iya cinta ba. Daga nan kowa ya tsaya a nasa gefen duwatsu, aka yi ta kai wa juna hari fiye da shekara 200.

Kusan kowace shekara, idan ƙanƙara ta narke daga mashigin duwatsu, ciyawa kuma ta fito domin dawakai, sai rundunar Larabawa ta ƙetare, ta kwashi ganima da bayi, ta komo kafin sanyi. Helenawa kuwa suka koyi dabara. Su kan sa 'yan tsaro a mashigai, da an hango mahara sai a kwashe mutanen ƙauye da dabbobinsu zuwa cikin garu a bisa duwatsu, sa'an nan a yi wa maharan kwanto sa'ad da su ke komowa da kaya niƙi-niƙi. Har suka jera wuraren hura wuta a kan tuddai, wannan ya kunna, wancan ya gani ya kunna tasa, labarin hari ya kai Kustantiniya daga bakin iyaka, tafiyar wajen mil 450, tun gari bai waye ba. Ƙasa mai faɗi tsakanin sassan biyu ta zama kufai, kamar Gundumi.

Halifa Haruna Rashidu na Bagadaza, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, ya gyara garuruwan iyaka, ya zuba musu mayaƙa. Babba a cikinsu ita ce Tarsus, garin da aka haifi Manzo Bulus. Masu sa kai su kan zo daga ƙasashe masu nisa su zauna a garuruwan nan, har da manyan malamai, kamar Abdullahi ɗan Mubarak wanda ya rasu cikin 797. Irin zaman nan shi a ke kira ribaɗi, asalin kalmar kuwa daga ɗaure doki ne a ajiye shi da shiri. Loto loto sassan biyu su kan sadu a Kogin Lamis, yamma da Tarsus, su yi musayar kamammu, wannan ya saki mutum ɗaya, wancan ma ya saki ɗaya. A ƙarshe Sarkin Rum Nikiforos ya ƙwace Tarsus cikin 965. Amma malaman Larabawa sun riga sun rubuta hukuncin ribaɗi da ladansa cikin littattafai, littattafan nan kuwa suka ƙetare hamada har suka kai hannun Bello.

Ribaɗin Bello

Bello ya tattara abin da malaman nan suka faɗa, ya yi nasa rubutu a kan ribaɗi da tsaro, sa'an nan ya aikata. Amma ya juya abin ya dace da ƙasar Hausa. Ba shi da baitulmali irin na Bagadaza da zai riƙa biyan soja. Saboda haka ribaɗinsa gari ne mai ganuwa, wanda mazaunansa za su noma abincinsu da damina, su yi tsaro da rani. Ya jera irin garuruwan nan a bakin iyaka, ya sa 'yan gidansa a kansu domin kada wani ya ce sarki yana tura 'ya'yan mutane bakin mutuwa. Ƙanensa Atiku ya zauna Bakura, autan Shehu Isa ya zauna Kware, ɗansa Aliyu ya zauna Shinaka, ɗansa Fodiyo kuma Lajinge. Ya umurci shugabannin ribaɗi su riƙa aika 'yan leƙen asiri, su sa masu gadi da dare, kada su sake da shiri.

Gari kuwa sai da mutane. Bello ya yi ta jan hankalin Fulani makiyaya su bar yawo su zauna cikin garu, su rage shanu, su kiwata dawakai da raƙuma da tumaki da awaki, ya aika musu da malamai su koya wa 'ya'yansu karatu. Waɗansu suka yarda, waɗansu suka ga an tauye su. Akwai kuma waɗanda ba a tambaye su ba. Kamammun yaƙi masu yawa an zaunar da su a garuruwan nan suna noma cikin bauta, gama rundunar Bello ma tana kama bayi kamar ta magabtansa. Wanda zai ba da labarin ganuwar nan, ya kamata ya tuna da hannuwan da suka kwaɓa ƙasar.

Ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wanda ya ke abokinsa, Bello ya rubuta wata 'yar takarda a kan tushen mulki. A cikinta ya gaya masa sarki ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya ga kowane gari ya sami nasa masu sana'a. Ya ce a ƙarfafa mutane su yi noma su ajiye abinci, a gina garuruwa masu ganuwa, a gyara kasuwanni da hanyoyi. A ganinsa mai fartanya da mai uwar maƙera suna cikin masu tsaron ƙasa daidai da mai mashi.

Shi kansa bai zauna cikin daɗin Sakkwato ba. Wajen 1830 ya gina Wurno a bakin Gulbin Rima, kamar mil 20 arewa maso gabas da Sakkwato, ta fuskar Gobir, ya mai da ita mazauninsa. Daga can ya ke tashi yaƙi, can kuma ya ke rubutu. Littattafansa sun fi 100, a cikinsu har da na maganin ciwon ido da na basur.

Baƙo daga Ingila

Muna da shaidar wani da ya ga Bello ido da ido. Cikin Maris 1824 wani Bature, Kyaftin Kilafatan, wanda mutane su ke kira Abdullahi, ya iso Sakkwato ta hanyar Barno da Kano. Ya ce ya tarar da mutum kakkaura mai kwarjini, da manyan idanu, da gajeren gemu baƙi, yana saye da riga shuɗiya da farin rawani. Bello ya ba shi mamaki da tambayoyi. Ya ambaci sunayen tsofaffin ɗarikun Kirista na gabas, ya tambaye shi wacce Ingilishi su ke bi, har Kilafatan ya rasa abin faɗi sai dai cewa su Furotesta ne. Ya san sunayen taurari da Larabci. Ya tambayi labarin Indiya, da na yaƙin da Helenawa su ke yi da Turkawa tun 1821, yana so ya ji ko sauran Kirista sun shigar musu. Ya kuma ba shi wasiƙa zuwa ga Sarki Joji na Huɗu, yana neman a aiko masa da likita da wakili, aka kuma yi maganar hana kai bayi bakin teku.

Kilafatan ya komo cikin 1826 da kyautar littattafai na Larabci, a cikinsu akwai Sabon Alkawari da Zabura, da littafin lissafi na Iklidis, wani masani Bahelene na zamanin dā. Bello ya yi murna da na Iklidis ƙwarai, gama yana da irinsa dā, gobara ta cinye.

A tafiyan nan ne, cikin Oktoba 1826, Baturen ya tarar da Bello ya kewaye Konya, garin da Sarkin Gobir ya ke zaune a lokacin. Ya ƙiyasta rundunar ta fi mutum 50,000, amma bindigoginsu ba su kai 50 ba. Masu lifidi su kan matsa kusa da ganuwa, kibau su yi ta zubo musu, su ja da baya. Wadda ta fi burge shi wata tsohuwar baiwa ce Bazamfara, bisa doki, da gorunan ruwa rataye, tana ta kewayawa cikin fagen fama tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Rana ta faɗi ba a ci garin ba, rundunar ta janye. Abin da Bello ya dogara gare shi, watau ganuwa, shi ne kuma ya tsare magabtansa daga hannunsa.

A daidai lokacin nan Shehu Laminu ya taso da rundunar Barno ya nufo Kano, sai Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a farkon 1827 ya mai da shi. Saboda yaƙin nan Bello ya hana Kilafatan wucewa Barno, ya karɓe wasiƙa da kayan da ya kawo domin Shehu Laminu. Baturen ya kwanta ciwo, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827, baransa Landa ya binne shi.

Gawakuke

Babban karo na ƙarshe ya zo cikin 1836. Sarkin Gobir Ali, da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, da Ibra shugaban Azbinawa, suka haɗa kai. Bello yana da shekara 55, amma ya kira sarakunan gabas, ya ja su da kansa, suka bi ta ƙasa mai ƙarancin ruwa cikin zafin rani, aka gamu a Gawakuke. Aka kashe Ali, aka kashe Rauda, Ibra ya tsere, mutane masu ɗimbin yawa suka hallaka. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi waƙa a kan nasaran nan.

Mutanen Sakkwato suka zaci an gama. Amma kafin a daɗe Gobirawa suka naɗa Mayaƙi, Katsinawan Maraɗi suka naɗa Ɗan Mari, suka taru suka kafa wa Gobirawa sabon gari, Tsibiri, kusa da Maraɗi. Bello ya kwanta ciwo 'yan watanni, ya rasu a Wurno cikin Oktoba 1837, yana da shekara 56. Can aka binne shi, cikin ribaɗinsa, ana kuwa ziyartar kabarinsa har yau. Ƙanensa Atiku ya gaje shi, shi ma raunin da ya samu a yaƙin Tsibiri ne ya zama ajalinsa cikin 1842.

Abin da ya biyo baya a ƙasar Katsina

Yaƙin iyaka ya ci gaba fiye da shekara 60 bayan Bello, ƙasar Katsina kuwa ta sha shi ƙwarai. Wajen 1843 Ɗan Mari ya shigo, garuruwa da yawa na wajen Ruma suka bi shi. Sarkin Katsina Siddiku, ɗan Ummarun Dallaje, ya karya shi, sa'an nan ya hukunta garuruwan nan da tsanani har suka watse. Ƙasar da dā ta ke cike da gonaki ta koma jeji, shi ne Dajin Rugu. Jejin nan kuwa ya zama hanya ga mahayan Maraɗi. A zamanin Ɗan Baskore da waɗanda suka biyo shi su kan ratsa ta ciki ba wanda ya gan su, su ɓullo kudancin Katsina, da yammacin Kano, da arewacin Zazzau. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda aka buga labarin ranta cikin 1954, ta ba da labarin yadda a ƙuruciyarta mutanen gona su kan sheƙa cikin gari mai ganuwa in an ji mahara, ko Maraɗawa daga arewa, ko mutanen Sarkin Sudan na Kwantagora daga yamma, da yadda dangi su kan tara kuɗi su fanshi wanda aka kama. Wanda ya ga burbushin ganuwa kewaye da tsofaffin garuruwanmu, da ƙauyukan da aka maƙale a gindin duwatsu, ya ga alamar kwanakin nan.

Harin bai tsaya ba sai da Turawa suka zo. Ingilishi suka shiga Sakkwato da Katsina cikin 1903, daga baya su da Faransa suka ja iyaka, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa wajen Faransa, suna cikin Jamhuriyar Nijar yanzu. Da hanya ta yi lafiya sai mutane suka fito daga cikin garu suka bazu a jeji suna sara. Yawancin gonakin auduga da masara da su ke kewaye da Funtuwa da Malumfashi, zaman lafiyan nan ne ya buɗe su. A shekarun baya-bayan nan kuwa Dajin Rugu ya sake zama maɓoyar mahara, masu babura da bindigogi maimakon dawakai da masu. Cikin Disamba 2020 an kwashi 'yan makaranta fiye da 300 daga Ƙanƙara, manoma da yawa kuma a wajen Faskari da Sabuwa sun bar gonakinsu na nesa saboda tsoro.

Zuriyar Bello ba ta yanke ba. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa wanda aka kashe cikin 1966, tattaɓa kunnensa ne, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ma daga tsatsonsa ya fito. Nasarar Gawakuke ba ta kawo masa kwanciyar iyaka ba, kamar yadda harin kowace shekara bai kawo wa Larabawa da Helenawa ba. Abin da ya daɗe cikin aikinsa shi ne garuruwan da ya zaunar da manoma da masu sana'a a ciki. Ganuwar Wurno ta zube, amma garin yana nan da mutanensa, suna noman shinkafa da albasa a fadamar Rima.